Tun da na bugu a ka, ƙara ta zame mini ciwo

Ni tela ne, ɗan tela, haifaffen Zariya. Tun kafin a sa ni firamare nake wuni a shagon Baba, ina tsince ƙyallaye a ƙasa, ina naɗa masa zare a kwarkwaro. Keken ƙafa gare shi, baƙin Singer wanda ya girme ni. Da na kawo ƙarfi na buɗe nawa shagon a Tudun Wada sai na bi zamani: kekuna masu mota, injin wibin, ga janareta a bakin ƙofa saboda wuta ba ta zama. Idan azumi ya raba tsakiya, ni da yaran shago kwana muke yi a kan aiki, rediyo na yi, janareta na ruri, kekuna na gudu gaba ɗaya, kuma ko a jikina. A cikin wannan hayaniyar nakan kishingiɗa a kan tarin yadi in sha barcina. Na kawo wannan ne don a gane ba haka aka haife ni ba, ban taɓa zama mai rakin ƙara ba.

A watan Sha'aban abin ya faru, shekarun baya kaɗan. Na je Sabon Gari sayen zare da maɓallai, na hau ɗan acaɓa zan koma shago, wata mota ta fito daga kwana ta kwashi bayan babur ɗin. Abin da na iya riƙewa shi ne na farka a ƙasa, mutane sun yi mini rumfa, ana zuba mini ruwan leda a fuska ana salati. Waɗanda suka gani sun ce ƙeyata ce ta daki bakin kwalbati. Babu hular kwano a kaina, babu a kan mai babur. Tun 1 ga Janairun 2009 aka wajabta sa ta ga direba da fasinja a Najeriya, ina kuma tune da yadda a lokacin wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Ba a jima ba duk muka yi watsi da ita. Yau ka tsaya a Kwangila ka kalli babura, da wuya ka ga mai hula.

An yi mini ɗinki a wani asibiti na kusa aka sallame ni. Da dare na yi amai, na sake yi, sai Yayana ya ce ba za a kwana da ni a gida ba, ya ɗauke ni zuwa asibitin koyarwa na Shika. Aka yi mini hoton kai da na'urar siti-sikan. Likita ya duba ya ce babu jini a cikin kai, ƙashi bai tsage ba. Ya kira maiɗakina ya ce, "Malama, ki sa masa ido. In aman ya ƙi tsayawa, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tasuwa, ko kika ga ruwa na fita ta hanci ko ta kunne, ko ya shiɗe, kada ki jira gari ya waye." Ko ɗaya bai faru ba. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa na cewa an auna arziki, Allah ya kiyaye gaba. Ni ma na ɗauka an gama.

Wata safiya, ɗinkin ma ba a cire ba, maiɗakina na wanke-wanke a tsakar gida, murfin tukunya ya suɓuce mata ya faɗi a kan siminti. Ina kwance a ɗaki. Abin da na ji ba firgita ba ce. Zafi ne na gaske, ya shiga ta kunnen hagu ya tsaya a bayan ido, zuciyata ta hau bugu, zufa ta keto mini, amai ya taso. Murfin ya daɗe da daina kaɗawa, ni kuwa ina nan a dunƙule, hannuwa a kunne, har ta gama wanke-wankenta. Daga ranar, ƙarar da a da ban ma san tana nan ba ta zama abin fargaba: cokali a kan faranti, ledar burodi in ana kwancewa, jan kujerar roba, famfo in yana zuba a bokitin ƙarfe, kukan akuya. Ga wani siririn fito a kunnen hagu da ba ya yankewa, ya fi tashi in dare ya tsala.

Wanda ya fi wuyar bayani shi ne jijjiga. Ƙara ko ba komai kowa ya ji ta, ana iya cewa to, ta dame shi. Amma ta yaya zan fahimtar da mutum cewa dakan da ake yi a gidan maƙwabta yana sa ni jiri? Katifata a ƙasa take. In suka fara dakan gero da hantsi, duk saukar taɓarya sai ta biyo ƙasa ta shigo ta katifar, ta hau ƙashin bayana ta tsaya a ƙeya. Ko na danne kaina da matashi ba ya hanawa. Tirela in za ta wuce a titi, kafin kowa ya ji ta na riga na ji ta a tafin ƙafa. Wayata na cire mata jijjiga, don in ta motsa a aljihu sai na dafa bango. Da ciwon ƙeyar ya warke na je aski, yaron ya kunna kilifa ya ɗora mini a bayan kunne, ban san lokacin da na ture hannunsa na fito waje na durƙusa ba. Tun daga nan wanzami ke yi mini da aska.

Azumi ya kama, kayan sallar mutane jibge a shago, wasu tun Rajab na karɓi kuɗinsu. Na daure na je. Na zauna a kan kekena, na sa wuyan kaftani a ƙarƙashin allura, na taka. Teburin ya ɗauki rawa a ƙarƙashin tafin hannuna, rawar da na yi shekaru ina aiki a kanta ban taɓa lura da ita ba. Ɗinkin bai kai taƙi guda ba shagon ya juya mini. Babban yarona ya riƙe ni yana cewa, "Maigida, lafiya? Maigida!" Na ce a kashe janareta. Aka kashe, aiki ya tsaya cak, yara suka zuba mini ido. Haka na bi mutane gida-gida ina mayar musu da shaddarsu da abin da na iya mayarwa na kuɗinsu. Da yawa sun tausaya. Wani dattijo da na daɗe ina yi wa ɗinki ya ce, "Haba malam, ai na ji an ce hoto ya nuna lafiyarka ƙalau." Bai faɗa da wata manufa ba, amma maganar ta zauna mini a rai, domin ita ce ake yi a bayan idona.

Da karaya na yi, da an ga ɗori an yi mini sannu. Ni kuwa ga ni a kan ƙafafuna, ina ci ina sha, tabon ma gashi ya rufe shi. Sai kan mutane ya rabu. Akwai masu cewa raki ne, akwai masu cewa ƙwaƙwalwa ta taɓu, wasu suka ce a inda na faɗi na yi gamo, wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a. Inna ba ta ce komai ba sai, "Ɗan nan, a haɗa da addu'a." Na sha rubutu, an yi mini tofi, har gobe kuma ina azkar ɗina ina tofa wa kaina, ban taɓa ganin addu'a ta hana neman magani ba. Amma akwai ranar da aka kawo mai ruƙiyya, ya durƙusa ya kafa bakinsa a kunnena na hagu yana karatu da iyakar muryarsa. Na yi ihu, na yi ta fizge-fizge ina roƙon a bari. Waɗanda suka danne ni suka ƙara ƙarfi suna cewa ga shi nan, ya fara magana. Ba wanda ke magana sai ni. Ba karatun ne ya cutar da ni ba, ƙarfin murya ne a kan kunne mai ciwo. Bayan an watse maiɗakina ta tsaya a gaban manyan gida, ita da ba ta taɓa ɗaga musu murya ba, ta ce ba za a sake ba, duk mai son yi masa karatu ya zauna can ya yi a hankali.

Daga nan na shige ƙuryar ɗaki. Na cusa auduga a kunne dare da rana, daga baya aka samo mini abin rufe kunne irin na ma'aikatan masana'anta. Duk wanda abu ke yi wa zafi gudunsa zai yi. Sai dai kullum abin da nake iya ɗauka raguwa yake yi. Muryar maiɗakina, wadda da farko ba ta dame ni ba, ta fara damuna. Har taunar abinci a bakina na riƙa jin ta yi yawa.

'Yata ƙarama ta saba in ta taso daga Islamiyya ta rugo tana "Baba oyoyo". Wata rana ta yi haka na daka mata tsawa, irin wadda ban taɓa yi wa ɗa ba. Ta tsaya ƙyam, jakarta a hannu. Bayan nan na lura yaran gidan sun koyi tafiya da sanɗa, magana sai da raɗa, in sun ji motsina su watse. Wannan ya fi rashin kuɗin ci mini rai, ko da yake shi ma rashin kuɗin ba ƙarami ba ne. Na sayar da injin wibin, maiɗakina ta kwashi adashinta ta fara suyar awara a zaure don rufin asiri.

Masallaci ma ya gagare ni. Ga lasifika, ga kuma wani abu dabam: da na sunkuya ruku'u ko na kai goshi ƙasa sai duniya ta juya na ɗan lokaci, haka in na mirgina a kan shimfiɗa. Na samu limaminmu na faɗa masa, hawaye na zuba. Ya ce, "Malam, addini bai matsa maka ba." Ya kawo mini hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Bai tambaye ni abin da hoto ya nuna ba. Ciwon kai kuwa kullum yana nan, farasitamol safe da yamma. Wani ya kawo shawarar tiramol, Allah ya sa ba mu bi ba.

Matar wani abokin cinikina, ma'aikaciyar jinya ce, ta zo dubiya. Ta bar ni na yi bayani har na ƙare, sannan ta ce, "Malam, mun sha ganin irin wannan bayan haɗari. Ka je Kaduna, cibiyar kula da kunne ta ƙasa, a gwada ka." Daga Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne, hanyar da a da nake yi ba tare da tunani ba. Ranar a bayan motar Yaya na yi ta, kaina a kan matashi, ana tsayawa ina hutawa.

Aka sa ni a wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka sa mini abin sauraro a kunne, aka ce duk sa'ad da na ji sauti, komai ƙanƙantarsa, in danna maɓalli. Da aka gama mai gwajin ta ce jina lafiya lau. Gabana ya faɗi, na ce a raina shi ke nan, wani gwajin ya sake ƙaryata ni. Sai ta ce akwai na biyu. Za ta riƙa ƙara sautin kaɗan-kaɗan, in ɗaga hannu da zarar ya fara yi mini yawa. Ta bayyana mini cewa ƙarfin sauti da desibel ake auna shi: hirar mutum biyu wajen 60 ce, 85 in mutum ya wuni a cikinta kullum tana lalata ji, mai lafiyayyen kunne kuma sai an kai kusan 100 yake cewa a tsaya. Ni ana wuce ƙarfin hira da kaɗan na ɗaga hannu. Ta juyo da takardar ta nuna mini layin da biro, ta ce, "Ga ciwonka nan." Na riƙe takardar nan na kasa magana. Yaya ne ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Sannu, ƙanina."

Likitan da ya gan ni bayan nan ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya bugu da ƙarfi sai ta girgiza ta daki ƙashi, siraran jijiyoyinta su miƙe fiye da ƙima. Siti-sikan jini yake nema da tsagewar ƙashi, ba ya ganin wannan. Ya ce kunne ɗauko sauti kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke yanke yadda ƙarfinsa zai kasance, ta danne wanda ba shi da amfani. Tawa ta zama kamar rediyon da aka ƙure wa murya, maɓallin ragewar ya maƙale. Sai ya kalli audugar da ke kunnena ya ce, "Wannan kuma ƙara murɗa shi take yi." In aka hana ƙwaƙwalwa sauti, ƙoƙari take ta ƙara buɗewa don ta ji, shi ya sa mai toshe kunne dare da rana yake wayar gari ƙaramin motsi ma ya gagare shi. Ya ce in ajiye abin toshewar don inda ƙara ta yi yawa da gaske, irin kusa da injin markaɗe ko wurin biki, amma a gida kunne ya zauna a buɗe.

Jirin sujada kuwa dalilinsa dabam ne. A can cikin kunne akwai sashen da ke riƙe daidaiton jiki, da wasu 'yan bututu uku masu ruwa, da wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da yashi. Bugu yakan fizgo ƙwayoyin daga mazauninsu su faɗa cikin bututun, sai duk lokacin da mutum ya sunkuya ko ya juya su motsa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka duniya ce ke juyawa. Aka kwantar da ni a kan gado, aka riƙe kaina ana juya shi gefe zuwa gefe a wani tsari da wani likitan Amurka mai suna Epley ya fito da shi, don ƙwayoyin su gangara su koma inda suka fito. Jirin da na ji a kan gadon nan ya fi na kullum, amma bayan an maimaita a wani zuwan, na kai goshina ƙasa a sallar Magariba ɗakin bai motsa ba. Likitan ya ce wannan sashen na daidaito shi ma yana amsa jijjiga, ga wuyana da ya ƙage tun ranar haɗarin, sai aka tura ni wurin masu gashin ƙashi na asibiti suka koya mini motsa wuya da ido. Ya kuma hana ni shan maganin ciwon kai kullum, ya ce wanda ke shan irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yakan koma jawo ciwon. Yawancin masu irin buguna, in ji shi, suna warwarewa cikin 'yan makonni zuwa wata uku, amma akwai waɗanda nasu ke jan lokaci, ina cikinsu.

Cire audugar nan shi ne abu mafi wuya da na yi. Na fara da fanka a ƙaramar lamba, sai karatun Alƙur'ani a waya can ƙasa-ƙasa, yadda zan ji amma ba zai yi zafi ba. In kunne ya saba a ƙara kaɗan. Na fito daga ƙurya zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa tsakar gida, daga nan zuwa dakali a ƙofar gida da yamma. Ba a miƙe abin ya tafi ba. Akwai lokacin da aka yi biki a layinmu aka kwana ana kiɗa da manyan lasifika, na koma baya sosai har na fid da rai. Rashin barci da damuwa ma suna tayar da shi, duk ranar da na kwana ina lissafin bashi, gobe ƙarar cokali sai ta dawo sabuwa.

Takardar gwajin nan ta ba ni bakin magana. Na shiga wurin maƙwabcina da janaretansa ke jingine da bangon ɗakina, na ce, "Alhaji, alfarma na zo nema." Ya saurara, ya ce me ya hana in faɗa tuntuni. Washegari ya sa aka matsar da shi can gefe, aka ɗora shi a kan tsohuwar taya. Matan gidan da ake daka suka mayar da turminsu bayan gida, in kuma za su fara sai su aiko yaro ya ce za a yi daka. Wannan aiken ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙarar da na san tana tafe ba ta yi mini illar wadda ta zo ba zato. Katifa ta koma kan gado. Na tara yarana na ce musu ba su ne suka yi laifi ba, kunnen Babansu ne ba shi da lafiya, su yi wasansu, in ya yi mini yawa ni zan tashi. Ƙaramar ta daɗe kafin ta yarda. Ina roƙon duk wanda ke da irin wannan mara lafiya a gida, in ya ce abu na yi masa zafi a yarda da shi, a kai shi wurin likitan kunne ko na ƙwaƙwalwa ko da hoton farko ya fita lafiya, kada kuma a bar shi ya kulle kansa a ɗaki.

Sana'a ban koma mata yadda na bar ta ba. Keke mai mota har yanzu ba na iya daɗewa a kansa. Ni ke awo, ni ke yanka, ni ke karɓar baƙi, yara su ɗinka, janareta kuma yana can bayan shago da doguwar waya. Na ɗauko keken ƙafan Baba na gyara, shi nake takawa in aikin ba na gaggawa ba ne. Birnin Zariya an san shi da ɗinkin hannu na manyan riguna, sai na nemi wani tsoho a cikin gari ya koya mini, yanzu ina iya fitar da adon rigar da ake kira aska biyu da hannuna, ina kan koyon aska takwas. Kuɗin bai kai na da ba, aikin sallah ma rabin wanda na saba nake karɓa, kwanan shago kuwa na daina. Ina zuwa jam'i, ina tsayawa nesa da lasifika. Fiton kunnen hagu yana nan. Kasuwa nakan shiga da sassafe kafin ta cika, abin toshe kunne a aljihu, sau da yawa in dawo ban taɓa shi ba.

A daminar da ta wuce ɗaya daga cikin yaran shagona ya faɗi da babur ya bugu a goshi. Aka duba shi aka ce ba komai. Da ya dawo aiki na lura duk sa'ad da aka dire dutsen guga a kan tebur sai ya runtse ido ya ɗage kafaɗa. Na ja shi waje na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, na ga in na faɗa za a ce aikin ne ba na so." Na cire shi daga kan keke na mayar da shi sa maɓalli a bakin ƙofa, na kira mahaifinsa muka kai shi wurin likita, na kuma hana shi sa auduga. Nasa bai ja ba, kafin kaka ya koma kan kekensa. Ni kuwa bayan sallah zan koma Kaduna a sake gwajin nan, a ga inda layin ya kai.